Fistin Ɗin Tsohon Ɗan Tsere

Ƙunshin ya iso ne wata ranar Talata, a ofishin da nake wuni a bayan kasuwar Canaan. Ba ofishina ba ne. Na wani mutumin Kumasi ne mai tura kaya ta jirgin ruwa, ya ba ni kujera da gefen tebur, kuma adireshinsa nake ba duk wanda zai aiko mini da wani abu. Aikina a Guangzhou ta ƙasar Sin tafinta ne. Ƙafa ta yi nauyi, ba na zagaya kasuwa kamar da, amma idan magana ta cije tsakanin ɗan Kano da Basine, ko mutumin Maraɗi ya zo da takarda da Faransanci, ni ake kira.

Tambarin Ingila ne a kan kwalin. Na yanke shi da wuƙar buɗe katan. A ciki akwai tsohuwar safa ta ulu, a cikin safar akwai fistin na babur, wato ƙarfen nan mai siffar kofi da yake hawa da sauka a cikin inji. Samansa ya yi baƙi, gefe ɗaya ya goge kamar an ja shi a kan siminti, kuma ya tsage tun daga kai har kusan tsakiya. Tun kafin in buɗe wasiƙar da ta zo tare da shi na gane shi. Shekara biyu na yi ina ganinsa kullum a kan kanta, saman murhun ɗumama ɗaki, a wani falo a arewacin Ingila.

Ina saurayi aikin reluwe ya tura ni kwas can. Aka sama mini ɗaki a gidan wani mutum da matarsa da 'yarsu ƙarama. Mutumin gajere ne mai faɗin kafaɗa, ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, yana aiki a garejin motocin bas. Ba mai yawan magana ba ne, kuma Turancinsa ba irin wanda aka koya mana a makaranta ba ne. Sai da na yi wata uku kafin in daina gyaɗa kai a kan abin da ban ji ba. Wata rana ya tambaye ni yadda muke kiran mai gida a wajenmu, na gaya masa, ya ce to haka zan riƙa kiransa. Maigida nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan haya.

Tseren babur ya yi, a shekarun bayan yaƙin duniya na biyu. A lokacin yaƙin aikinsa kai saƙo ne a kan babur daga wannan sansani zuwa wancan. Da aka sallame su ya koma gida, ya tarar ba abin da ya iya sai wannan, ba kuma abin da yake so sai wannan. Ya fara a tsofaffin filayen jirgin sama da sojoji suka bari, inda ake jera damman ciyawa a fitar da hanya. Daga nan ya koma tseren titi, wanda shi kaɗai ya ɗauka tsere na gaske. Ba fili ake ginawa ba. Hanyar da manoma suke bi su kai madara kasuwa ita ake rufewa na wasu awoyi, da katangunta na dutse da turakun waya da gadoji, ga ƙofofin gidajen mutane suna kallonta. Ya yi a Ailan, ya yi a wani tsibiri tsakanin Ailan da Ingila, inda titin yake hawa dutse ya shiga cikin gajimare sannan ya sauko tsakiyar gari.

Ranar Lahadi da safe, idan matarsa ta tafi coci, yakan fito da hotuna daga cikin gwangwanin biskit ya baza a kan tebur. Ga shi da hular kwano kamar rabin ƙwarya, da baƙar rigar fata, haɓarsa a kan tanki. Ya ce ba da ƙafa ake tayar da injin ba. Kana tsaye riƙe da babur, a ɗaga maka tuta, ka tura shi da gudu, ka faɗa masa a kaikaice, injin ya kama, sannan ka wurga ƙafa ka zauna. A tsibirin ba tare ake sakin su ba, bi da bi ne, da agogo kake tsere. Kana iya yin rabin tseren ba ka ga kowa ba, ba ka san ko kana gaba ko kana baya ba, sai ka hango allon da matarka ta ɗaga maka a bakin hanya.

Kafin ranar tsere yakan bi titin a keke, wani wurin a ƙasa, ya haddace shi kamar karatu. A wannan turke ka saki mai, a farar ƙofar can ka taka birki, a ƙarƙashin itatuwan nan akwai danshi ko da rana ta fito. Daga baya na ga masu raƙuma a Agadas da suka san hanya haka, na ga direbobin tirela tsakanin Legas da Kano. Bambancin kawai su idan suka manta wata alama, suna da lokacin tunowa.

Bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Shi ya faɗa mini, ban tambaya ba. Waɗanda kamfanoni suka ɗauka su suke cinyewa, don injinsu sabo ne kuma akwai makanikai a bayansu. Shi kuwa da hannunsa yake kwance nasa ya ɗaura. Idan sanyi ya wuce sai su loda babur a bayan wata tsohuwar motar kaya shi da matarsa, su tsallaka Faransa da Beljiyam da Holan, daga wannan tsere zuwa wancan, suna kwana a cikin motar. Yana nuna hoto sai ya ɗora yatsa a kan wani ya ce wannan a gada ya mutu, wannan a kwanar coci. Da muryar da yake tambayata ko a ƙara mini shayi yake faɗar wannan. A lokacin abin yana ba ni mamaki. Yanzu ya daina.

A tserensa na ƙarshe fistin ɗin nan ne ya tsage yana tsakiyar gudu a miƙaƙƙen titi. Injin ya cije, tayar baya ta kulle, bai kai ga damƙe kuloci ba sai ga shi a jikin katanga. Ya yi watanni a asibiti, ya fito da ƙafar da na san shi da ita. Ya kwance babur ɗin gunduwa-gunduwa ya zuba a akwatunan katako a ɗakin ajiya na bayan gida. Fistin ɗin kaɗai ya shigo da shi falo.

Tun da na bar Ingila ban koma ba. Na bar reluwe, na zauna Jidda, na zauna Abijan, na zauna Dubai, na ƙare a nan. Amma ba mu rabu da gaisuwa ba, ko sau ɗaya ne a shekara. Matarsa ta rasu. 'Yar da na bari tana wasa da 'yar tsana ta zama kaka, shi kuma ya haura casa'in.

Wasiƙa biyu ce a cikin kwalin. Ta 'yarsa an buga ta da na'ura. Ta ce wani maƙwabcinsu makanike da ya yi ritaya ya fito da akwatunan nan, ya shekara biyu yana haɗa babur ɗin. Komai an samu ko an gyara, sai fistin, domin tun wancan zamanin mahaifinta ya faɗaɗa injin da nasa awon, aka ƙera masa fistin na musamman, babu shi a kowane shago. Ta ce akwai masu iya yinsa a Ingila, amma ya ƙi, ya ce ɗan hayarsa yana ƙasar da ake ƙera komai. Ba ta ce in yi sauri ba, amma sau biyu ta ambaci abin da likita ya faɗa a kan zuciyarsa.

Tasa wasiƙar layi uku ce, rubutun yana hawa yana sauka. Ya ce yana so ya ji ƙarar babur ɗin sau ɗaya. Ya ce a yi masa sabo irin wannan. Ya ce wannan kuwa aro ya ba ni, in mayar masa da shi yadda yake.

Ya kamata in ce na ji wani abu, amma ban ji ba. Wata huɗu kafin nan matata ta rasu a Kano. Na isa an riga an kai ta, na zauna a tabarma na karɓi gaisuwa, na dawo. Tun daga lokacin komai daga nesa yake zuwa mini, ko labarin mutuwa ne ko tambayar inda ake sayar da zif. Ina cin abinci, ina salla, ina fassara. Na mayar da fistin cikin safar na sa a aljihun tebur, ya yi kwana tara a can.

Wanda ya sa na fito da shi wani Alhaji ne ɗan Kano, mai sayen kayan gyaran babur kwantena-kwantena. Kusan sa'ana ne, kuma tun zuwansa na farko ni nake masa tafinta. Bature yake kirana saboda Turancina, ni kuma ina ce masa Sarkin Acaɓa. Ya shigo ofis na jawo aljihun tebur ina neman biro, ya hango.

"Bature, me kake ɓoyewa a cikin safa? Ko goro ne kake hana mu?"

Na zazzage masa a kan tebur. Ya ɗauka, ya jinjina a tafin hannu, ya leƙa cikinsa.

"Kai, wannan ai ya girme ni. Na wane babur ne? Ba na nan ba ne, ba na Indiya ba ne, ba na Japan ba ne."

"Na Ingila ne. Irinsa ake so a yi."

"Guda nawa?"

"Ɗaya."

Ya yi dariya har ta sarƙe shi. Ya ɗaga murya ya kira mai ofishin. "Mutumin Kumasi, zo ka ji abin duniya. Bature zai tayar da masana'anta a kan guda ɗaya."

"Ɗaya ake so, Alhaji."

"Ai ba a yin ɗaya a ƙasar nan, ka fi ni sani. Ko cokali kake so sai ka ɗauki katan. Amma bari, akwai lawban ɗina mai yi mini fistin da ringi, jibi zan je wajensa. Ba ni samfur ɗin. In na matsa masa zai yi maka 'yan kaɗan."

Lawban shi ne mai gida ko mai shago a bakin Sinawa, mu ma mun ɗauka.

A nan kuskuren yake, kuma nawa ne. Shekaruna a garin nan sun isa in san abin da ake yi wa samfur. Ɗan kasuwa ya kawo riga daga gida, a farke ta ɗinki-ɗinki a shimfiɗa a auna. A kawo takalmi, a ɓalle tafinsa a ga abin da ke ciki. A kawo kwaɗo, a fasa shi. Ba wanda ya taɓa tambayar ina samfur ɗinsa, domin ba don a mayar ake bayarwa ba. Ni da bakina na sha yi wa sababbin zuwa wannan bayani. Magana ɗaya kawai ta kamata in yi, in ce kada a taɓa shi, a auna daga waje a dawo mini da shi. Ko kuma in tashi in bi Alhaji jibin. Amma maganar za ta jawo tambaya, tambayar ta jawo labarin gidan da falon da ƙafar, ni kuwa ba ni da ƙarfin ba da labari. Na miƙa masa. Ya jefa shi cikin jakar leda tare da wasu filogi da takalman birki, ya fita yana ci gaba da dariya.

Sati uku suka wuce. Garin da yake cika Kano da babura ba ya barin babur mai inji ya hau titinsa, sai masu batir, waɗanda suke zuwa ta bayanka ba sauti har sai sun kusa goge maka riga. Kullum ina bin titin Guangyuan a cikinsu, tsakanin masu tura kaya da masu fitowa daga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sau ɗaya 'yar ta aiko da saƙo tana tambaya. Na ce ana kan aiki.

Sai Alhaji ya kira. "Bature, kayanka sun fito. Shirya mu je ka gani da idonka, kada gobe ka ce Sarkin Acaɓa ya kawo maka jabu."

Mun kama hanya da safe a motar haya, kusan awa biyu a wajen gari. Wurin doguwar rumfar kwano ce, injinan yanka ƙarfe a jere, ƙasa duk mai. Lawban ɗin gajere ne, taba a baki. Ya zaunar da mu ya zuba shayi a 'yan ƙananan kofuna, kamar yadda suke yi kafin kowace magana, sannan ya kawo katan. Guda goma sha biyu ne, kowanne a naɗe a takarda mai maiƙo, suna ƙyalli. Ya ɗauko ɗaya yana juya shi yana bayani, ina mayar wa Alhaji da Hausa. Ya ce aikin ya ba shi sha'awa. Awon duk na inci ne, ba irin nasu ba, amma bai canja komai ba. Ya ce wanda ya ƙera na farko ya san aiki, ya bar kauri inda wuta take ci, ya rage inda nauyi ba shi da amfani.

Na ce masa ya yi kyau. Sannan na ce, tsohon fa?

Ya dube ni bai gane ba. Na sake faɗa. Ya ce meyo, wato babu, sannan ya ɗaga hannu ya ce in jira. Ya tashi da kansa ya je wajen wata ganga da suke zuba ɓaraguzan ƙarfe, ya tona, ya dawo ya ajiye mini abu biyu a kan teburin shayi. An raba fistin ɗin biyu daga sama har ƙasa. A jikin rabi ɗaya akwai ƙaramin rami inda suka ɗebi ƙarfen don su gwada irinsa. Yana murmushi ya ɗora yatsa a kan yankan ya ce in ba haka ba, ta yaya mutum zai san kaurin ciki?

Na tsaya ina kallo. Abin da na lura da shi shi ne inda aka yanka yana haske kamar sabo, alhali waje baƙi ne. Na lura shayina ya huce. Na yi masa godiya da harshensu, na naɗe guntayen a hankici na sa a aljihu.

A mota Alhaji ya ce, "Wai me za ka yi da wannan bolar?"

A nan na ba shi labarin. Labarin da na kasa bayarwa a ofis bai ci minti goma ba. Ina gamawa ya juyo ya fuskance ni.

"Innalillahi. Haba Bature. Amanar mutum ce ka miƙo mini kamar fankon ashana? Me ya hana ka faɗa?"

"Ban san abin da ya hana ni ba."

"Wallahi da ka yi magana, a gabana za a auna shi, in sa a aljihun gaba in kawo maka har tebur."

"Na sani."

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. "To mu koma. A yi masa walda, a goge, a shafa baƙin mai. Mutanen nan ba abin da ba za su haɗa ba. Tsoho ne, ido ya tafi."

Na ce masa mutumin da ya shekara sittin yana shafa abu, da babban yatsa zai gane, ba sai da ido ba.

"To ka ce ya ɓace a hanya. Kaya nawa suke ɓacewa a tashar jirgin ruwa ta Huangpu?" Bai jira amsata ba ya ce, "A'a, astagfirullah, bar wannan. Sai dai ka faɗa masa. Amma kai za ka faɗa, ni Allah ya rufa mini asiri ba na jin Turanci."

Washegari na aika sababbi guda biyu ta jirgin sama. Na rubuta wa 'yar cewa tsohon fistin zai biyo baya daban. Ba ƙarya na yi ba, amma na san abin da na yi. Sauran goman na ba Alhaji, ya karɓa don kada ya ƙi, ko da yake ba babur ɗin da za su shiga a duk Kano. Bayan kwana takwas ta aiko cewa sun iso, maƙwabcin ya gwada ya ce sun zauna daidai, kuma mahaifinta yana tambayar nasa. Bayan kwana biyu ta sake aikowa. Ta ce kowace safiya sai ya tambaya.

Na kira ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin safiya ce a can. Kiran bidiyo ne, ita ta riƙe masa wayar. Yana zaune a kujera, bargo a cinya, da siririyar roba a hanci. Fuskar ta ƙanƙance, amma kafaɗun suna nan.

"Ɗan haya," ya ce, "ka tsufa."

"Maigida, kai ma haka."

"Ni an ba ni izini." Ya yi wani sauti da ya kusa zama dariya. "Na ga sabon. Aiki mai kyau. Ina nawa?"

Na warware hankicin na ɗaga guntayen biyu a gaban wayar, ɗaya a kowane hannu. Bai motsa ba. Na zaci layin ne ya tsaya, sai na ga ya ƙifta ido. Na gaya masa yadda aka yi. Na ce na ba wani ne ban yi masa bayani ba, na ce a nan yanka samfur ake yi, na ce na san haka tun da daɗewa, kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa. Na faɗa a jere, kamar ina fassara maganar wani.

"Juya su," ya ce.

Na juya.

"Haɗa su."

Na haɗa. Tsakaninsu akwai 'yar tazara, kaurin bakin zarto, haske yana wucewa ta ciki.

"Da me suka yanka?"

"Da zarton inji."

"Sun yanka a miƙe." Ya daɗe yana kallo. "Abu ɗaya na roƙe ka."

"Haka ne, Maigida."

"Da hannuna na rubuta. Ka san kwana nawa na yi a kan layukan nan?"

"Ban sani ba."

"Uku."

Ya juya ya ce wa 'yarsa ya gaji. Ta mayar da wayar kan fuskarta, ta ce in aiko da su yadda suke, ta yi mini godiya, ta kashe.

A wajenmu da wani zai shiga tsakani ya ce a yi haƙuri, a nemo babba, a ƙarshe mutum ya ce ya yafe ko da bai gama yafewa ba. A Jidda na ga an yi ihu har maƙwabta sun fito, sannan an kawo shinkafa an ci tare. A can ba a yi ko ɗaya ba. Na zauna da wayar a hannu ina jiran in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Abin da na ji shi ne mutumin Kumasi a ɗaya ɗakin yana gardama da wani a kan kwantenar da ba a loda ba.

Da safe na kai su ofishin aika saƙo. Matar da ke kan kanta ta buɗe, ta juya guntayen, ta tambaye ni mene ne. Na ce fistin ne na babur. Ta ce ai wannan ya lalace. Na ce haka ne. Ta rubuta tsohon ƙarfe a takardar, ta tambaye ni ko na tabbata ta jirgin sama nake so, don irin wannan ba ya sauri. Na ce ta jirgin sama.

Kusan sati uku bayan haka saƙon 'yar ya shigo ina tsaye a wani lungu na kasuwar tufafi, wani mutumin Damagaram yana jirana in shiga tsakaninsa da mai wanduna. Ta haɗo da gajeren bidiyo. Wani layi ne a bayan gidaje, ƙasa a jiƙe, maƙwabcin da mijinta suna tura babur da gudu. Ya yi tari sau biyu sannan ya kama. Ƙarar ta fito daga wayata har mai shagon gefe ya leƙo. Ba a nuna tsohon ba. Ta rubuta cewa yana bakin taga a kujerarsa, ya rufe ido ya saurara har aka kashe, sannan ya ce a gaya wa maƙwabcin cewa mai ya yi yawa, ya rage. Guntayen kuma sun iso, ya duba su sau ɗaya, ya ce ta sa a durowa.

Na tambaye ta ko zan iya kira in gaishe shi. Amsar ba ta zo ba sai washegari. Ta ce ta tambaye shi, ya ce ba sai na wahala ba, aikin ya ƙare.

Na rubuta mata cewa na gane, Allah ya ba shi sauƙi. A iya sanina yana raye har yanzu. Ban sake kira ba.